TULIF: ALBASAR DA BA TA SHIGA MIYA

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, sai hotuna su fara isowa zango daga wajen 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Holan. Za ka ga mutum ya ci ado ya tsaya a bakin gona, hagu da dama furanni ne ja wur da rawaya da fari fat, layi-layi har iyakar ganin ido, kamar an shanya turamen atamfa. Sunan wannan fure tulif. Birnin Amstadam yana da dubban mutanen Gana, musamman a unguwar Bijlmer, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka sami ɗan fili a bayan gida ko baranda a saman bene, suna so su ma su shuka. A nan gida kuwa, yakan faru a kawo wa mutum albasar furen nan tsaraba, ya binne ta a tsakar gida a Nima ko a Kumasi, ya yi ta ban ruwa, daga ƙarshe bai ga komai ba sai ganye biyu, ko kuwa ya tona ya tarar ta ruɓe. Mutanen nan biyu, na can da na nan, abu ɗaya suke bukatar su sani, watau cewa aikin tulif aikin lissafin lokaci ne tun kafin a zo maganar launi.

Bari mu fara gyara wata kalma. Idan Turawa suka ce tulif furen bazara ne, ba bazararmu suke nufi ba, mai zafin da ke hana barci kafin saukar damina. Tasu bazarar ita ce lokacin da sanyin hunturu ke janyewa, daga Maris zuwa Mayu, rana ta fito amma mutum bai rabu da rigar sanyi ba. Kakarsu kuma, daga Satumba zuwa Nuwamba, ita ce lokacin shuka shi.

ABIN DA KE CIKIN ALBASAR

Mun kira ta albasa ne domin haka take a ido, da ɓawonta mai ruwan ƙasa da tsinin kanta, kuma Turkawa da Jamusawa ma albasar tulif suke ce mata a harsunansu. Bahaushe dai bai yi baƙunta da wannan ba, tun da yana da albasar kwaɗi a daji. Amma akwai bambanci babba tsakaninta da albasar Galmi ko ta Bawku. Idan ka sami albasar tulif mai lafiya a watan Oktoba ka tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa, za ka ga ɗan ƙaramin fure a kwance a tsakiyarta, an riga an gama halittarsa tun lokacin zafi. Abincin da zai ci kuma yana kewaye da shi. Saboda haka mai shuka ba shi da ikon ƙara wa furen bana komai da taki. Abin da ya saya shi zai gani. Shi ya sa masu sana'ar suke auna albasar da kewayen cikinta, kuma wadda ta kai santimita 12 ko fiye ita ce ta farko a daraja. Ƙarama tana da araha, amma furenta ƙarami ne, wani lokaci ma ganye kawai za ta yi.

Abin da furen nan yake jira kafin ya fito shi ne sanyi. Yana bukatar mako 12 zuwa 16 a cikin ƙasar da sanyinta bai haura digiri 9 ba. A cikin wannan lokaci ne yake yin saiwa, garin da ke jikin albasar ya juye ya zama sukari, karan furen ya sami ƙarfin miƙewa. In bai sami wannan sanyi ba, ko dai ya ƙi fitowa, ko ya buɗe a dunƙule can ƙasa tsakanin ganye. Wannan hali ya gado shi ne daga ƙasarsa ta asali, domin tulif ba ɗan Holan ba ne. Mahaifarsa duwatsun tsakiyar Asiya, wajen Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, ta narke, furanni su fito da sauri, sa'an nan rani mai tsanani ya biyo baya ƙasa ta bushe ƙamas. Akwai irinsa na daji fiye da 70, har da wanda ke fitowa a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya.

Turkawa ne suka mai da shi furen sarauta. Suna kiransa lale, kuma idan aka rubuta kalmar da baƙaƙen Larabci, lam da alif da lam da ha, sai ka ga baƙaƙen sunan Allah ne aka sāke musu jeri, lissafinsu kuma 66 ne duka biyun. Wannan ya sa suka cika bangon masallatai da zanensa, kamar yadda ake gani a masallacin Rustam Pasha a Santambul. Ƙarshen zamanin Sarki Ahmad na Uku, daga 1718 zuwa 1730, har yau zamanin lale ake kiransa. Sunan da Turawa suka ba shi kuwa daga kalmar tulband ya fito, watau rawani, kuma duk wanda ya ga furen kafin ya buɗe zai ga kamar naɗin hakimi. Wani masani mai suna Conrad Gessner ya gan shi a wani lambu a garin Augsburg na Jamus a 1559 ya bayyana shi a rubuce. A 1593 Carolus Clusius ya koma Jami'ar Leiden da albasarsa, suka yi fure a 1594, kuma daga wannan shekara mutanen Holan suke ƙirga tarihin tulif a ƙasarsu.

ZANEN DA YA ZAMA CUTA

Akwai wani haɗin launi guda da mai lambu ya kamata ya ji tsoronsa, ga shi kuwa shi ne ya taɓa rikita Holan. Tun zamanin Clusius aka lura cewa tulif mai launi ɗaya yakan wayi gari wata shekara ya fito da zane, ja a kan fari kamar harshen wuta, ba wanda ya san dalili. Irin waɗannan su ne attajirai suka yi ta rububi a kansu. Wanda ya fi suna shi ne Semper Augustus, wanda aka yi wa kuɗin da ya isa sayen gida a Amstadam. A hunturun 1636 zuwa 1637 ciniki ya kai ga ana sayar da albasar da ke binne a ƙasa, takarda kawai ke yawo daga hannu zuwa hannu, har su da kansu suka sa masa suna cinikin iska. A makon farko na Fabrairu 1637 masu saye suka janye a garin Haarlem, kasuwa ta faɗi warwas. An daɗe ana ba da labarin kamar ƙasar ce gaba ɗaya ta talauce, amma wata masaniyar tarihi, Anne Goldgar, ta bi takardun kotuna na lokacin, ta nuna a littafinta na 2007 cewa 'yan kasuwa ƙalilan ne abin ya shafa.

Sai a 1928 wata masaniya a Ingila, Dorothy Cayley, ta tabbatar cewa zanen nan cuta ce ta bairos, kuma aka gano cewa darɓa ce ke ɗaukar ta daga wannan tsiro zuwa wancan, irin ƙwarin nan da manoman wake suka sani. Cutar tana ƙawata furen, tana kuma cinye ƙarfin albasar, kowace shekara 'ya'yanta suna ƙara ƙanƙancewa. Semper Augustus ya ƙare, babu shi a duniya yanzu. Masu zanen da ake sayarwa a yau, irin su Rem's Favourite da Helmar da Carnaval de Nice, zanensu na gado ne, ba na cuta ba, ana iya shuka su da kwanciyar hankali. Amma in ka shuka ja zalla ya fito maka da tsage-tsagen da babu su a hoton jakar, kada ka yi murna. Tumɓuke shi har albasar, ka jefa a shara, kada ka sa shi cikin taki.

GERO DA MAIWA

Yanzu ga ainihin maganar. Manominmu na arewa ya san cewa a gona ɗaya ana shuka gero da maiwa da dawa da wake, gero ya nuna da wuri ya kashe yunwa, maiwa da dawa su biyo baya. To, haka ake haɗa tulif. Kowane iri yana yin mako biyu ne zuwa uku da fure, in rana ta yi zafi ma ba ya kaiwa. Wanda ya shuka iri ɗaya, komai kyansa, kallon kwana goma sha ne. Wanda ya haɗa na wuri da na tsakiya da na baya zai iya samun mako shida zuwa takwas, daga ƙarshen Maris har tsakiyar Mayu.

Ƙungiyar manoman albasar furanni ta Holan, wadda ake kira KAVB, ita ke riƙe da rajistar sunayen tulif na duniya, kuma a jerin da ta fitar a 1996 ta kasa dubban irin da ake da su gida 15. Ba sai mutum ya haddace su ba. Abin da zai duba a jikin jaka abu biyu ne, lokacin fure da tsawo.

Masu fitowa da wuri yawancinsu gajeru ne. Akwai Kaufmanniana, mai santimita 15 zuwa 25, wanda ke buɗewa shar kamar tauraro idan rana ta taɓa shi. Akwai Greigii, irin su Red Riding Hood, wanda ganyensa ma abin kallo ne saboda ɗige-ɗigen ruwan makuba. Sai Fosteriana, wanda ya fi su tsawo da girman fure. Purissima fari ne mai ɗan ruwan madara, Madame Lefeber kuwa ja zur. A cikin na wurin har da Keizerskroon, ja mai bakin rawaya, wanda ake nomawa tun 1750, da Monte Carlo, rawaya mai ninki da ƙanshi.

Na tsakiya su ne ƙashin bayan lambu. Gidan Triumph shi ya fi kowane yawa, tsawonsa santimita 40 zuwa 50, karansa kuma yana jure iska. A nan ake samun Negrita mai ruwan shunayya da Strong Gold mai ruwan ɗorawa. Gidan Darwin Hybrid ya fi tsawo da girman kai, yana kai santimita 55 ko 60, shi ne gidan Apeldoorn da Pink Impression. Na baya, masu jira sai Mayu, su ne dogaye da masu ƙwalisa: Queen of Night, wanda duhunsa ya kusa baƙi, Maureen fari, Ballerina mai ruwan goro da tsinin baki da ƙanshi, Angélique mai ninki ruwan hoda, Spring Green fari mai ratsin kore, da gidan da ake kira aku saboda gefen furensa a yayyage kamar gashin tsuntsu.

Haɗi iri biyu ne, kuma ya kamata mutum ya yanke shawara tun a kanti wanne yake so. Na farko shi ne a zaɓi launuka dabam-dabam daga gida ɗaya, su tashi tare, su buɗe tare, tsawonsu ɗaya. Hanya mafi sauƙi a nan ita ce a nemi 'yan uwa ɗaya. Tulif yakan yi rikiɗa, watau albasa ɗaya a gona ta fito da sabon launi, sauran halayenta duka na uwar. Golden Apeldoorn daga zuriyar Apeldoorn ya fito, don haka ja da rawayan nan kusan rana ɗaya suke buɗewa. Prinses Irene, mai ruwan goro da harshen shunayya, a 1949 aka yi masa rajista, rikiɗa ce daga Couleur Cardinal, tsohon iri na 1845 mai ja mai duhu. In aka haɗa su sai ka ce garwashi. Haɗi na biyu shi ne na karɓa-karɓa, a cakuɗa na wuri da na tsakiya da na baya a fangali ɗaya, wannan na faɗuwa wancan na tashi. Amfaninsa a nan shi ne na baya sun fi tsawo, ganyensu kuma yana rufe na wurin da suka fara yaushi.

Inda mutane suke faɗawa rami shi ne jakar nan mai araha da aka rubuta wa gauraye, da hoton launi bakwai duk a buɗe lokaci ɗaya. Sau da yawa ragowar kaya ce aka tattara. Rawaya ya fito a farkon Afrilu shi kaɗai, ya zube, ja biyu su biyo baya, wani dogo wani gajere, hoton jakar kuwa ba za ka taɓa ganinsa a lambunka ba. In za a sayi gauraye, a nemi wanda aka rubuta sunayen irin da ke ciki, ko aƙalla sunan gidansu.

Game da launi, ra'ayina shi ne uku sun isa a fangali ɗaya. Mu mutanen da muka saba da zaɓen shadda da zaren aiki ba sai an koya mana wannan ba: launi mai duhu yana bukatar mai haske a kusa da shi. Queen of Night shi kaɗai, in ka hango daga nesa, kamar rami ne a cikin lambu. Sa masa Maureen ko Ballerina ka ga yadda zai fito. Fari yana sasanta launukan da ba sa shiri. Ja wur da ruwan hoda mai sanyi kuwa kishiyoyi ne, gara a raba musu ɗaki. Shuɗi dai babu shi a tulif, duk da sunayen da 'yan kasuwa ke laƙabawa. Wanda ake kira Blue Parrot ruwan shunayya ne. Mai son shuɗi sai ya shuka wani ɗan ƙaramin fure mai albasa da ake kira muskari a ƙarƙashinsu. Kuma kada a jera su ɗaya-ɗaya a bakin hanya kamar 'yan sanda a fareti. Tulif a taro yake kyau, goma ko goma sha biyar wuri ɗaya, kamar 50 zuwa 60 a murabba'in mita.

Wanda yake so ya ga iyakar wannan fasaha sai ya je Keukenhof, kusa da garin Lisse, lambun da aka buɗe wa jama'a a 1950. Faɗinsa hekta 32, kuma kowace kaka ana binne albasa wajen miliyan 7 da hannu, cikinsu da tulif iri wajen 800. Mako takwas kawai yake a buɗe, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, kuma dole baƙon ranar farko da na ranar ƙarshe kowa ya tarar da fure. Dabararsu ita ce shuka hawa-hawa a fangali ɗaya, na baya a can ƙasa, na wuri a sama.

YADDA AKE BINNE TA

A Holan da Jamus da Ingila ana shuka ne daga Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ƙasa ta huce, kafin ta daskare. Masu lambu a Ingila sukan jira Nuwamba da gangan, domin sanyi yana rage wata cuta ta ruɓa da suke kira wutar tulif, mai murɗe ganye ta bar shi kamar an babbake. Inda cutar nan ta taɓa shiga, shekara uku ake hutar da wurin. A zaɓi inda rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya. Ba banza ba ne gonakin da ke tsakanin Haarlem da Leiden suka yi suna, ƙasar wurin jigawa ce mai rairayi. Mai ƙasar laka sai ya haɗa ta da tsakuwa ƙanana da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin dabba kuwa kada ya taɓa albasar.

Zurfin rami ya zama ninki uku na tsawon albasar, watau santimita 15 zuwa 20, kamar taƙi guda, tsini yana duban sama, tsakanin kowace da 'yar'uwarta santimita 10 zuwa 12. Ga mai yin gauraye, maimakon rami ɗai-ɗai, gara ya kwashe ƙasar fangalin gaba ɗaya, ya zuba albasar a bokiti ya cakuɗa, ya watsa, ya miƙar da kowace a inda ta faɗa, ya mai da ƙasa, ya ba da ruwa sau ɗaya. Ɓera da kurege suna son ta ƙwarai. Ragar waya a saman fangali tana maganinsu.

Mai baranda ma ba a bar shi a baya ba. Ya nemi tukunya mai zurfin santimita 30 ko fiye, mai huji a gindi. Ƙasa, sa'an nan na baya. Ƙasa kamar santimita 5, sa'an nan na tsakiya. A sama gajerun na wuri ko muskari. Tsiron ƙasa yana kewaye albasar da ke samansa ya fito, ba ya rasa hanya. Kowace albasar tulif tana da gefe ɗaya shafaffe, kuma ta nan babban ganyen farko ke fita, don haka a juya shi ya dubi bakin tukunya, ganye ya zubo waje. Sa'an nan abu mafi muhimmanci: a bar tukunyar a waje. Mutuminmu da ya ga ƙanƙara sai tausayi ya kama shi ya shigo da ita ɗaki kusa da na'urar ɗumama gida. Wannan tausayi shi ne ajalinta.

Bayan fure ya zube, a tsinke kan don kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri, amma a bar kara da ganye kamar mako shida har su bushe da kansu. Albasar da ka shuka ta riga ta ƙare, wata sabuwa ce ke girma a gurbinta, ganyen nan ne ke ciyar da ita. Shi ya sa a ƙarshen Afrilu manoman Holan suke shiga gonakin nan masu ban sha'awa da inji suna fille kawunan furanni, baƙi suna salati. Su albasa suke noma. Ba kowane iri ne ke dawowa da kyau a shekara ta biyu ba. Darwin Hybrid da Fosteriana da ƙananan irin daji su ne masu alkawari, in an binne su da zurfi kuma ba a dame su da ruwa lokacin zafi ba. Masu ninki da gidan aku kuwa, a ɗauke su baƙin shekara ɗaya.

TO, A NAN GIDA FA?

Hunturunmu bai kai ba. Ko a Bawku ko Tamale, daren da ake jin ɗari ya fi tsanani, awon sanyi yana sama da digiri 9 nesa, da rana kuma ya haura 30. Hanya ɗaya ce, firij. A sami sabuwar albasa a Satumba, a sa ta a jakar takarda, a ajiye a ɓangaren kayan lambu inda sanyi yake wajen digiri 5, mako 12 zuwa 14. Ban da ɓangaren ƙanƙara. Ban da ajiye ta tare da ayaba ko tuffa ko mangwaro ko tumatir, domin suna fitar da wata iska mai nunar da 'ya'yan itace, wadda ke kashe ɗan furen da ke ciki. A fitar a ƙarshen Disamba, a shuka nan take a tukunya, a ajiye inda ya fi ko'ina sanyi, rana ta safe kawai. In an dace, bayan mako huɗu zuwa shida a ga fure, mai gajeren kara, na 'yan kwanaki. Albasar ba za ta sake yi ba. Kuma duk wannan sai in wutar lantarki ta yi wata uku ba ta ba da kunya ba, mai karatu kuwa ya fi ni sanin yadda wannan take.

Mai kawo tsaraba kuma ya lura da wata. Ana haƙar albasar tulif ne a ƙarshen Yuni da Yuli, sabuwa ba ta shiga kasuwa sai wajen Agusta da Satumba. Wadda ake tallata wa baƙi a Afrilu da Mayu, lokacin da suka ga gonaki hankalinsu ya tashi, ta bara ce, ta riga ta mutu a tsaye. A 2019 ƙungiyar KAVB ta sayi irin wannan albasa a kasuwar masu yawon buɗe ido a Amstadam ta shuka, cikin ɗari ɗaya kacal ta yi fure. Har wa yau, shigo da tsiro ko albasa daga wata ƙasa yana bukatar takardar shaidar lafiya daga hukumar gona, in ba haka ba ana iya ƙwace ta a filin jirgi.

Gargaɗin da ya fi duka nauyi shi ne wannan. Albasar tulif tana da guba. Gaskiya ne a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen yammacin Holan sun ci ta, amma da dabarar cire tsakiyarta, kuma don babu wani abin ci. Tana sa amai da gudawa da jiri, tana cutar da kyanwa da kare da dabbobin gida, masu yawan taɓa ta kuma yatsunsu kan tsage. A gidan da mata uku da yara goma ke buɗe firij ɗaya, jakar da ke kama da ƙananan albasa hatsari ce. A rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe, a kuma gaya wa uwargida da baki.

Wanda dabarar karɓa-karɓar ce ta burge shi, ba sunan tulif ba, ƙasarmu tana da nata masu albasa da ba sa neman firij. Albasar kwaɗi tana fitar da manyan furanni farare masu ratsin ja da zarar ruwan farko ya sauka. Rumana, wadda ke fitowa a dajinmu da damina da furanni masu ruwan goro da rawaya a jere a kan kara ɗaya, tana cikin kakannin furen giladiyolas da Turawa suke sayarwa a kantunansu. Gatarin kurege yana hawa danga da furensa ja da rawaya mai lanƙwasa baya, sai dai saiwarsa guba ce mai kisa, ba a shuka shi inda yara da awaki ke yawo. Idan damina ta wuce, sai wani jan fure mai kama da kakaki, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ya zauna a lambunan Accra da Kumasi har masu Turanci suka sa masa sunan hunturu. Shi kan fito ne a tsakiyar rani, kara tsirara ba ganye, fure biyu zuwa huɗu a kai. Ana raba 'ya'yan albasarsa bayan ya gama fure, a dasa ba da zurfi ba, wuyan albasar a waje.